Gadon Igiyar da Ya Jira Surukina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, uban mijina kuma kakan 'ya'yana, ya amsa kiran Ubangijinsa a cikin watan Safar, a ɗakinsa da ke unguwar Sharafiyya a Jidda. Da hantsi ne, bayan ya sha shayi ya ce a buɗe masa taga iska ta shigo. Ba zan ambaci sunansa ba, don ban taɓa kiransa da shi ba yana raye. Baba nake ce masa, matarsa kuma Inna.

Kwana ukun da aka yi ana karɓar gaisuwa ina cikin mata, amma tagar ɗakinmu tana kallon lungun da aka jera wa maza kujeru, saboda haka ina jin abin da ake cewa. Wani mai kanti ya ce, "Allah ya jiƙan mai gyaran fitila, rishon da ya taɓa mini har yau bai sake tsiyaya ba." Wani saurayi da ya zo rakiyar ubansa ya ce, "Wai an ce soja ne? Ni kam ban taɓa ganinsa da bindiga ba."

A rana ta biyu bayan magariba sai ga wasu tsofaffi sun shigo lungun tare, wani da sanda, wani ana riƙe da hannunsa. Ba su nufi kujeru ba. Suka jeru a gaban mijina, kafaɗa da kafaɗa, na gabansu wani mai gasa burodi da na sani shekara da shekaru. Ya ɗaga hannu ya sara irin na soja. Yara suka fara dariya, aka tsawata musu. Inna da ke leƙe ta bayana ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

A cikin ɗaki kuma wata baƙuwa, dangin maƙwabta ce, ta dubi gadon igiyar da ke jingine da bango ta ce, "Wannan tsohon gado ai ya cinye muku wuri, mata suna ta matsuwa. A fitar da shi tsakar gida mana." Ba ta yi da wata manufa ba, ba ta sani ba ne kawai. Wannan maganar tata da ta saurayin nan su suka sa na zauna na rubuta wannan, da ɗan karatun da na samu a ajin manya bayan na haifi 'ya'ya. Jikokinsa suna jin Hausa fiye da yadda suke mayarwa, ina tsoron nan gaba kaɗan su ma su tambaya ko soja ne.

A nan Jidda aka haifi Baba. Iyayensa da ƙafa suka zo daga ƙasar Hausa, suka bi ta Sudan, suka haye teku. Yakan ce an goya shi zuwa Arfa yana jariri, amma malamai sun gaya masa wancan bai sauke masa farali ba. Iyayen suka rasu da wuri, suka bar masa ƙanne. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya wani Bahadarme, Balaraben Yaman, ya koya masa gyaran risho da fitilar famfo, wadda muke ce wa itirik. Lokacin Hajji, wanda a nan ake kira mausim, shi ne lokacin da talaka yake samun na shekara. To sai ya zama kowace shekara yana cewa baɗi. Mutumin Jidda yana ganin Makka a bakin ƙofarsa take, ba ya gaggawa.

Yana cikin cewa baɗi ne hukuma ta nemi maza 'yan gari masu takarda da sana'a, a rubuta su cikin askar na ihtiyaɗi. Su ba sojan bariki ba ne. Suna gidajensu, suna sana'arsu, amma duk sa'ar da aka neme su dole su ajiye abin da ke hannunsu su tafi. Baba ya ba da sunansa. Na tambaye shi dalili wata rana, ya ce, "Garin nan ya karɓi ubana da ƙafa a fashe. In ya ce in tsaya masa a ƙofa, me zan ce?"

Da aka kawo ni gidan ina amarya, aikin farko da Inna ta ɗora mini shi ne gugar kakinsa. A bayan ƙofar ɗakinsa akwai ƙusa biyu: ɗaya rigar aiki mai warin kananzir, ɗaya kaki mai sitaci. Da dutsen guga na gawayi nake yi, in na bar layi biyu a hannun riga sai ya dube shi ya yi murmushi ya ce, "'Yata, zabit zai ce hannuna huɗu." Zabit shi ne hafsan da ke shugabantarsu. Bai taɓa yi mini faɗa ba, ni dai nakan karɓa in sake.

Mutane suna jin an ce sojan wucin gadi sai su ɗauka hutu ne. Ni da na zauna a gidan na ga aikin mutum biyu ne aka ɗora wa ɗaya. Duk Alhamis da rana zai rufe rumfarsa ya tafi fili a bayan gari su yi ta sahu da gudu a cikin zafin Jidda, su goge bindigogin da ba a barinsu su zo da su gida. Ya dawo ƙafa a kumbure, Inna ta sa masa ruwan ɗumi da gishiri, ya huta kaɗan ya koma kan fitilun da ya bari. In aka yi ruwan sama, wanda ba kasafai ba amma in ya zo sai katanga ta faɗi, su ake kira su kwashe laka su fito da mutane. In gobara ta tashi a gidajen kwano, su ne da bokiti. Shekarar da ake ta maganar yaƙi a rediyo, wata da watanni yana tsaron tankunan mai, rumfa a rufe, masu kawo gyara suka koma wurin wani. Abin da ake ba su kuwa bai taka kara ya karya ba.

Mai kawo kiran wani tsoho ne, ɗan aiken umda, wato mai unguwa. Yakan buga ƙofa da sandarsa ya ce, "Ana neman ku." Iyakar maganar ke nan. Na sha ganin Baba da fitila a kwance ɗaiɗai a gabansa, ya ji wannan kalma, ya rufe kayan da tsumma ya miƙe. Ranar sunan ɗana na fari ma haka aka yi. An raɗa suna, ba a kai ga yanka rago ba, sanda ta buga ƙofa.

Amma babban nauyin yana mausim. In ranakun Hajji suka zo, sojan bariki duk ana kwashe su zuwa Muna da Arfa. Maza 'yan gari ma kowa ya bi alhazai, wani Hajji, wani neman abinci. Jidda sai ta zama wayam, kana jin kukan hankaka daga wannan unguwa zuwa waccan. To su 'yan ihtiyaɗi su ake bar wa garin: kantuna a kulle, rumbunan ruwa, kayan alhazai da aka tara a masauki, da kuma marasa lafiyar da jirgi ya kawo likita ya hana su wucewa. Da yake Baba yana jin Hausa da Fulatanci da ɗan Barbarci ban da Larabci, kowace shekara ƙofar marasa lafiyar nan ce tasa.

Kafin mausim kuma, masu kula da alhazai sukan aiko masa da fitilu tuli ya gyara, waɗanda za a kunna a tantuna. Tsakar gidanmu sai ta cika da su, babu wurin shanya. Inna takan tsaya a kansu ta riƙe ƙugu ta ce, "Shawish, ka ga wannan mai lanƙwasasshen mariƙi? Hajiya ce, na gane ta, bara ma ta je. Fitilunka duk sun yi Hajji, mai su yana nan."

Ya ce, "Ni ba shawish ba ne, ban kai muƙamin saje ba, ki daina ƙara mini girma."

"To in ce Alhaji?"

"Lissa."

Wannan kalma ita ce tasa. Lissa, wato tukuna. Kun san a garin nan duk dattijo baƙar fata "ya Hajj" ake ce masa, ko ya je ko bai je ba, kuma kowa amsawa yake yi ya wuce. Ban da Baba. Mai kanti, direba, har zabit ɗinsa, duk wanda ya ce masa "ya Hajj" sai ya ɗaga yatsa a hankali ya ce, "Lissa." Yakan ce ba ya son ya ci sunan da bai yi wa aiki ba.

Yanzu ga maganar gado. Inna 'yar Hausawan Sudan ce, a can aka haife ta, kuma a wurinsu akwai wata al'ada. In maigida ya yi niyyar Hajjinsa na fari, sai a ɗauko gadon igiya, angarib suke ce masa, a ɗaure shi da sabuwar igiya, a ajiye. Ba mai zama a kai, ba mai kwanciya, sai shi ya dawo daga Arfa ya fara hawa, a zuba masa dabino da alewa a ka, yara su wawashe.

Wata shekara, ina goyon ɗana na fari, muna cin abinci Baba ya ce, "Bana na yi niyya in Allah ya so. Na yi wa zabit magana." Inna ba ta tsaya jin abin da zabit ya ce ba. Washegari ta sa aka sauko da gadon da ta zo da shi daga gidan ubanta, ta sayo igiyar kaba sabuwa, ta kira wani ɗan garinsu ya ɗaure shi tamau. Baba ya dawo daga rumfa ya tarar da shi a tsakar gida yana ƙamshin sabuwar kaba. Ya tsaya cak.

"Wa ya ce ki yi wannan?"

"Kai ka ce ka yi niyya."

"Na ce na yi magana. Ban ce an amsa ba."

"To ai sai su amsa, gado ya riga ya ɗauru."

Ba su amsa ba. A shekarar wani jirgi ya shigo da ciwon ciki, aka tsare mutane da yawa, ba a saki ko mutum ɗaya daga cikin 'yan ihtiyaɗi ba.

Bayan Sallah na ce wa Inna, cikin rashin sani irin na ƙuruciya, ko mu shimfiɗa gadon tunda Hajji ya wuce. Ta dube ni ta ce, "Wanda aka ɗaura wa ya dawo daga Arfa? In na bari aka hau, ko na kwance igiyar nan, na ce ba zai je ba ke nan. Bakina ba zai faɗa ba, hannuna ma ba zai faɗa ba." Ta sa muka jingine shi da bangon ɗakin baƙi.

Allah sarki, gidanmu ɗaki uku ne da rumfa. Baƙi sukan zo daga Makka ko Sudan su kwana a tabarma, ga gado lafiyayye a tsaye yana kallonsu. Yayan Inna ya zo da ciwon baya ya yi ta roƙonta, ta ce masa ƙasa ma magani ce. 'Ya'yana duk da ƙafafun gadon nan suka koyi tsayuwa, amma ko na rarrafe ya san ba a hawa. Duk watan Zulƙida Inna takan yayyafa wa igiyar ruwa don kada ta bushe ta karye, ta shafe itacen da man riɗi. Baba kuwa in ya shiga ɗakin sai ya kau da kai, kamar wanda ya haɗu da mutumin da ya yi wa alkawari bai cika ba.

Sau ɗaya na ga aikin nasa da idona. Ranar Arfa ce, muna azumi, Inna ba ta jin daɗi, ta ce in kai masa kunun buɗa baki. Na bi titi da la'asar babu kowa sai ni da inuwata. Na same shi ba a tsaye a ƙofa ba, yana zaune a ƙasa a bakin baranda, bindiga a kan cinyarsa, kusa da wani tsoho a kan tabarma. Tsohon daga ƙasar Katsina yake, ya yi rabin rayuwarsa yana tanadin wannan tafiya, ya iso Jidda zazzaɓi ya kwantar da shi. Kuka yake yi kamar yaro.

Baba ya tallafe shi ya juya shi gabas, ya nuna da hannu ya ce, "Baba, ka ga waɗancan duwatsu? Bayansu Arfa take. Yanzu haka suna tsaye. Ɗaga hannunka mu roƙa tare da su, Wanda suke roƙo yana jin na nan ma."

Tsohon ya share ido ya ce, "Kai da kake nan, sau nawa ka tsaya?"

"Lissa. Ban je ba tukuna."

"Kana nan kusa haka?"

"Ina nan kusa haka. Da na je yau, wa zai zauna da kai?"

Tsohon ya dube shi, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Ashe akwai wanda ya fi ni abin tausayi. Matso, ɗan soja, ni zan yi maka addu'a." Na ajiye kwanon kunu na koma gefe. Har rana ta faɗi hannuwansu suna sama.

Faɗa ɗaya na sani tsakanin Baba da Inna wanda ya wuce na wasa. Zabit yakan saki mutane kaɗan kowace shekara, bi da bi, su je su sauke farali. Bayan jira mai tsawo layi ya zo kan Baba. Aka sayo harami, Inna ta wanke shi ta turara, ta kira maƙwabta ta gaya musu. Sai ga mai gasa burodin nan da na ambata, abokin sahunsa ne, ya zo suka zauna a rumfa suna magana ƙasa-ƙasa. Uwarsa ce ta hayo teku daga Sawakin ta Sudan, ta tsufa tukuf, ba ta da muharrami sai shi, kuma sunansa bai fito ba. Da baƙon ya tafi, Baba ya shigo ya tsaya a bakin murhu inda muke, ya ce ya bar wa mai burodin layinsa.

Inna ta ajiye muciya. Ta ce, "Maimaita, ban ji ba."

"Uwarsa ba za ta ga baɗi ba, kowa ya gan ta ya sani."

"Kai fa? An aiko maka cewa za ka gani?"

"Ni da sauran ƙarfina."

"Ubanka ma da sauran ƙarfinsa ya tafi! Kai komai a ce ana neman ku, ka miƙe. Ruwa, ka miƙe. Wuta, ka miƙe. Yau Ubangijinka ne ya ce ana nemanka, ka tura wani."

Wannan ta soke shi, na gani a fuskarsa. Ya ce, "Ba zan iya tsayuwa a Arfa ba ina sane da tsohuwar nan tana kuka a bayan gidanmu. Addu'ar ba za ta fito ba."

Inna ta ce, "Shi ya sa nake ce maka shawish don ka ji daɗi. Da shawish ne na gaske da ya iya cewa a'a."

Kwanaki ba ta yi masa magana ba, ni nake kai masa shayi. Amma da sassafe na leƙa ɗakin baƙi na same ta da ƙwarya tana yayyafa wa igiya ruwa, hawaye yana zuba a kan hannunta. Tsohuwar nan ta yi Hajjinta a bayan ɗanta, ta dawo, ba ta kai azumi ba ta rasu. Inna ta je gaisuwa, ta dawo ta tuƙa wa Baba tuwon da ya fi so da miyar kuɓewa busasshiya. Shirin nasu ke nan.

Shekaru suka ja. Lantarki ya shigo lunguna, masu kawo itirik suka ragu. Gwiwar Baba ta fara ƙi, hayaƙin kananzir da ya sha tun yana saurayi ya zauna masa a ƙirji. Abokan sahunsa ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kaki, shi kuma ba a sake shi ba, don an rasa mai harsuna irin nasa. Mijina ya yi ta roƙonsa ya je ya ce ya gaji. Ya ce, "Ban san yadda ake faɗin wannan ba. In sun gama da ni za su gaya mini." Wata shekara tari ya kwantar da shi tun daga Sha'aban. Likita ya ja mijina gefe ya ce ƙirjin nan ba zai ƙara ɗaukar wahala da yawa ba. Daga nan ba mai ambaton gado a gidan, kowa yana wuce shi da kai a sunkuye. Tsoron da ke ranmu ɗaya ne, kada a ɗauki gawarsa a kan gadon da bai taɓa hawa ba.

Zulƙida ta kama, ya ɗan ji sauƙi. Wata rana da hantsi sanda ta buga ƙofa. "Ana neman ku." Baba ya dafa bango ya miƙe, ya miƙa hannu ga ƙusar kaki. Inna ta tashi ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ta cika ƙofar.

Sai muka ji sallama a bayan ɗan aiken. Mai gasa burodi ne, wanda ya daɗe da ajiye aiki. Ya shigo sanye da tsohon kakinsa, maɓallan ciki sun ƙi haɗuwa, hula a karkace. Ya ce, "Daga wurin zabit nake. Bana ni ne a ƙofar marasa lafiya. An sake ka."

Baba ya ce, "Kai? Da wannan tumbin? Fulatanci fa, ka iya?"

"Mara lafiya ruwa yake so da wanda zai zauna kusa da shi. Wannan na iya da kowane harshe."

"Ƙofar nan tawa ce."

"Waccan shekarar ma Hajjin naka ne. Ka ba ni, na karɓa, ban yi maka gardama ba. Kai ma kada ka yi mini. Halas, magana ta ƙare."

Hannun Baba yana kan kaki har yanzu. Inna ta matso, ta zare rigar daga ƙarƙashin hannunsa a hankali, ta miƙo mini. Ta buɗe akwati ta ɗauko haramin nan da ta turara tun waccan shekarar, ta rataye a ƙusar. Ta ce, "Yalla, tashi, shawish. Ana neman ku."

Mijina ne ya kai su, Baba da Inna. Ni na zauna da yara. Ya ba ni labari daga baya cewa a Muna sai da suka yi ta riƙe Baba, don duk inda ya ga alhaji ya ɓata sai ya miƙe da haraminsa yana nuna masa hanya kamar yana bakin aiki. A wani tanti ya ga wata tsohuwar itirik a rataye, ya gane gyaransa a jikinta, ya shafa ta ya ce, "Hajiya, yau ga ni na zo." A Arfa kuwa bai yi magana da kowa ba tun azahar. Ya juya yamma sau ɗaya, wajen Jidda, ya daɗe yana kallo da hannu a sama.

Ranar da za su dawo na sauke gadon daga bango, karon farko tun ina goyon fari, ga shi ɗan nawa har ya fara gemu. Na share ƙura, na danna igiyar da tafin hannu ina tsoron kada ta ba mu kunya a gaban mutane. Na shimfiɗa sabuwar tabarma, na cika faranti da dabino da alewa da gyaɗa.

Da la'asar mota ta tsaya a bakin lungu. Baba ya shigo kai a aske, ya rame, mijina yana riƙe da gwiwar hannunsa. Gida ya cika da maƙwabta. Ya zo gaban gadon ya tsaya, ya kasa zama. 'Yata, wadda yake kira matarsa don wasan jika, ta ce, "Sidi, kakana, in ba ka so ka faɗa, ni in hau in nemi wani miji mai ƙarfi." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya zauna a hankali. Igiya ta yi ƙara, ta yi ƙara, ta riƙe.

Inna ta ɗaga faranti ta juye masa a ka, ta rangaɗa guɗa irin ta Sudan. Yara suka faɗa wawaso a ƙafafunsa. Sai mai gasa burodi ya kutso, har yanzu da kakin da ya ƙi maɓalli, ya ce, "Hajjun mabrur, ya Hajj."

Kowa ya zuba wa Baba ido. Na ga yatsan Baba ya fara ɗagawa da kansa, don sabo. Ya dubi yatsan, ya mayar da shi kan cinyarsa. Ya ce, "Na'am."

Bai sake sa kaki ba, kuma bai sake kwana a wani wuri ba sai a kan gadon nan, 'yan shekarun da Allah ya ƙara masa. A kansa yake shan shayi, a kansa yake gyara fitilar maƙwabta in wuta ta ɗauke, ba ya karɓar komai. A kansa ya cika. Da aka gama yi masa sutura Inna ta ce kada a ɗauko makara daga masallaci, a wurinsu a kan angarib ake ɗaukar mutum. Haka aka fita da shi, tsofaffin abokan sahunsa suna karɓa-karɓa da matasa. Aka dawo da gadon babu kowa a kai, ni kuma don sabo na jingine shi da bango inda ya saba tsayuwa. Nan baƙuwar nan ta gan shi.

Da aka share makoki, mutane suka watse, na shiga na tarar da Inna zaune a ƙasa tana kallonsa. Ta ce, "Wa ya tsayar da shi?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ta ce, "Wa muke jira? Wanda aka ɗaura wa ya je, ya dawo, ya hau. Sauke shi. Kira mini yaran nan su zo su zauna."

Na sauke. Suka shigo suna ɗari-ɗari, ƙaramin ya fara hawa, sauran suka bi, igiya tana ƙara a ƙarƙashinsu.

Ya Allah, bawanka ne da ya tsaya a ƙofar baƙinka shekara da shekaru yana cewa tukuna. Ka karɓi tsayuwarsa ta Jidda da ta Arfa, ka haskaka masa kabarinsa, ka buɗe masa ƙofa ba tare da jira ba. Ka ba Inna haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.